Sakatar da Aka Cire a Kotonu

An kore ni daga aikin da na yi shekara goma sha tara, an liƙa mini sunan mai cin hanci a gaban direbobin Gaya, kuma wanda ya jawo mini wani mutum ne a Kotonu da bai taɓa ganin fuskata ba sai ran da na kai masa ita. Sunansa Mushe Firmin, Mushe ɗin shi ne Malam a Faransanci. Na je, na gan shi, na dawo. Tun dawowata ba ni da sakat a majalisa: Garba yaya Kotonu, Garba ka ga teku, Garba me mutumin ya ce maka. Bakina ya gaji. Ga shi a rubuce, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Ni ban kai ga sertifika ba na bar lakwal, wato makarantar boko, saboda haka kada wani ya zo yana gyara mini rubutu.

Ga wanda bai san aikina ba, ni ne mai riƙe da layi a sindikan masu kamiyo, wato ƙungiyar masu manyan motocin kaya. Direba ya shigo Gaya ba kaya, sai ya zo wurina in rubuta sunansa da lambar motarsa. Ɗan kasuwa ya kawo lodi, albasa ce ko wake, na farkon layi ke ɗauka. Wanda ya rasa gurbinsa ya koma ƙarshe, wani sati biyu ke nan yana kwana ƙarƙashin mota, gida ba cefane. Shekara goma sha bakwai kundi ɗaya ne, ɗaure da igiya a ƙafar tebur. In ina rubutu kowa ya jira, ko da Alhaji Sanda ne shugaban sindika. Ba a taɓa neman suna an rasa ba.

Sai aka ce zamani ya zo. Aka kawo ordinatar, wato kwamfuta, aka buɗe gishe biyu, tagogin rubuta suna ke nan, ni a ɗaya, Saini a ɗaya. Saini ƙanen abokina ne, magidanci mai ladabi, ko kujera ba ya zama sai na zauna. Muka yi ta fama da abin nan kusan shekara biyu, yau ya yi nauyi, gobe ya daskare. Rannan kawai ya saki, yana gudu kamar an yi masa allura, kowa yana murna. Cikin wata biyu bayan haka sunaye uku suka ɓata daga layi, dukansu ni na rubuta su da hannuna. Na ukun Hamani ne, direba ɗan Tanda, kwana goma sha ɗaya yana jira. Ran da lodin albasa ya zo ya miƙe da murna, aka duba, babu shi. Ya ci kwalata gaban jama'a yana cewa nawa aka ba ni.

Alhaji Sanda ko zama bai ce in yi ba. Ya ce, “Malam Garba, inji ba ya ƙarya, kuma ba ya cin goro. Ajiye makullin biron sindika.”

Aka rufe gishena, aka bar Saini shi kaɗai, aka ce sai wata mai zuwa za a ɗauki wani. Tun ranar kuwa suna bai ƙara ɓata ba. Kun ga yadda magana ta zauna daram a kaina.

A bayan ordinatar ɗin akwai wata ƴar takarda liƙe, da adireshin waɗanda suka haɗa abin. Saini ya kwafo mini a ɓoye. Abu ɗaya nake so: takarda mai sa hannu da hatimi da za a karanta gaban taron sindika, a ce ba Garba ba ne. Maiɗakina ta ce, “Malam, ka bar wa Allah mana.” Na ce na bar masa, amma zan je in ga fuskar wanda zan bari ɗin.

Na fita bayan asuba, ɗan kabu-kabu ya kai ni bakin gada. Shekara hamsin da uku ina Gaya, Malanbil kamar bayan gidanmu take, amma ban taɓa wuce Kandi ba. Mai rubuta tafiyar wasu, shi yana zaune. A wurin ƴan sanda na miƙa katin shaida da karnen allura, wato ɗan littafin rigakafi. Wanda ya karɓa ya san ni, ya juya katin ya yi murmushi ya ce, “A'a, Malam Garba! Yau nawa ne gurbin farko?” Abokansa suka kwashe da dariya. Ashe labari ya riga ni isa gada. Na karɓi katina na wuce. A ɗaya gefen wani ɗan sandan ƙasar Binin ya daɗe yana duba karnena, ya ce hatimin ya dushe. Na ce masa da Dendi, ni ma na dushe, ranka ya daɗe, shekarunmu ɗaya da shi. Ya yi dariya ya sake ni. Shi kaɗai ya yi mini dariyar da ba ta cizo a wannan safiyar.

A tashar Malanbil na yanki tikitin babbar bas, kujera ta ashirin da uku. Na hau na tarar da mace a kai, babbar mace, irin wadda kujera ke neman agaji. Na nuna mata tikitina, ta zaro nata daga bakin zane: ashirin da uku. Sunanta Maman Odil, fatauciyar busasshen kifi, tana jin Hausar kasuwa.

Ta ce, “Alhaji, ni na riga ka.”

Na ce, “Ban je Makka ba, kuma tikitina ya riga naki fita.”

Ta ce, “Tikitinka ya riga, gindina ya riga. Wanne ya fi nauyi?”

Duk bas ɗin aka yi dariya. Kwandasta ya zo ya duba, ya ɗaga kafaɗa ya ce gishe biyu ne suka sayar lokaci guda, yana faruwa. Ya kawo mini ɗan benci ya dasa a tsakiyar hanya. Yana faruwa! Ba wanda ya ci kwalar mai tikiti, ba wanda ya tambaye shi nawa aka ba shi. Na zauna kan bencin nan ina tafasa. Bayan Kandi Maman Odil ta ga ƙafata ta kumbura, ta ce mu riƙa musanya, gari ɗaya ita, gari ɗaya ni. Haka muka yi har Kotonu. Ta fi Alhaji Sanda adalci, kuma ba ta taɓa yin salla a sahuna ba.

Maganar salla, a nan na fara sanin na bar gida. Direbanmu na Gaya, ko albasa na ruɓewa a bayansa, in azahar ta yi sai ya tsaya. Wannan kuwa waƙar coci ya kunna tun daga Malanbil, ya ce tsayawa ɗaya ce, a Paraku, minti ashirin. Cikin minti ashirin ɗin nan na yi alwala, na haɗa azahar da la'asar a gefen wani shagon taya, na ruga wurin abinci. Sakwara ce da miyar gyaɗa da soyayyen wagashi, cukun Fulaninsu mai jan baya. Gaskiya abinci ne, ban raina ba. Loma huɗu na yi bas ta yi oda. Na bar kwano rabi na bi ta da gudu, miya a gemu. Har yau in na tuna sauran wagashin nan raina na ɓaci.

Daga Paraku zuwa kudu Dendi ta ƙare, Hausa ta ƙare, sai ɗan Faransancin da na tsinta a lakwal. Ƙasa ta yi kore har ta gundure ni. A bakin hanya esansi ne, wato fetur, a manyan kwalabe kamar zuma, mata ke sayarwa, wata da goyo a baya, wuta na ci a murhu taku biyar daga kwalaben. A Dasa aka cika mu da masu tallar garin rogo, suna turo leda ta taga har cikin hancin mutum. Maman Odil ta saya mini abarba ta ce in kai wa mai masauki, a nan ba a shiga gidan mutum hannu sake. Na ce a Gaya ma haka ne. Ta ce, “To me ya sa ba ka saya ba?”

Masaukina unguwar Zango ce, wurin Alhaji Mamman, tsohon direba da na rubuta a kundi shekara da shekaru kafin ya ajiye sitiyari ya buɗe shagon batir. Ya ba ni ɗakin bayan shago, tabarma tsakanin batira, ga zafi mai danshi da ke sa riga ta liƙe a baya, ga sauro mai kama da ya yi aikin soja. Ya ji labarina tun kafin in zo, direbobi sun kai masa. Bai tambaye ni ko gaskiya ne ba, amma na ga ya ɗauke akwatin cinikinsa daga ɗakin kafin in shiga. Ban ga laifinsa ba. Na dai gani.

Da safe ya tsayar mini da zemijan, wato ɗan kabu-kabunsu mai rigar rawaya. Mutumin ya miƙo mini hular kwano mai warin kan mutum ɗari, na ɗora ta kan hulata. Na nuna masa adireshi ya ce ya sani. Bai sani ba. A Kotonu ba a neman gida da sunan mai gida, da lungu ake nema, su suna ce masa von: von na uku bayan farmasi, von na biyu kafin coci. Farmasi kuwa a garin nan sun fi masallatai yawa a Gaya. Sau uku muna wuce wata mai soya ayaba, a na ukun har ta ɗaga mana hannu. Teku da kuke ta tambayata, na hango shi ta tsakanin wasu kwantena. Ruwa ne. Namu na kogin Isa ya fi shi amfani, ana sha.

Biron, wato ofishin nasu, yana saman bene, sanyin kilim, injin sanyaya ɗaki, kamar ɗakin ajiye gawa. Wata mata a bakin ƙofa ta tambaye ni ko ina da randebu, wato alkawarin ganawa. Na ce daga Gaya nake. Ta ce wannan ba randebu ba ne. A wurinmu baƙo ya yini a hanya, ruwa ake fara ba shi kafin a tambayi sunansa. Na zauna kan kujerarsu tun safe har suka tashi. Washegari na dawo na zauna a wuri guda. Mai riƙe da layi ne ni, jira ba ya ba ni tsoro. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ta gaji da ganina ta shigar da ni.

Mushe Firmin ba dodo ba ne, wannan ma ya ƙara ɓata mini rai. Siririn mutum ne mai tabarau, bai wuce arba'in ba, gaban kansa ya fara sanƙo. Ya miƙe ya ba ni hannu ya ce, “Papa, zauna.” Na ce ban haife shi ba, sunana Garba. Na ba shi labari da guntun Faransancina, na ba shi sunaye uku da ranakun da na rubuta su. Ya saurara da gaske. Ya juya ga injinsa ya yi ta danne-danne, sai na ga ya daina motsi.

Ya ce, “Zo ka gani. Duk abin da aka taɓa a Gaya yana barin sawu a nan.”

Na zagaya. Layuka ne na lambobi. Ya sa yatsa ya ce, “Ga Hamani. Ka rubuta shi, ƙarfe huɗu da rabi da minti ɗaya. Ga shi ya shiga. Bayan daƙiƙa biyu gishe na biyu ya ajiye nasa, Hamani ya tafi.”

Wata guda ana ce mini ɓarawo, har ni kaina na fara tunanin ko tsufa ne ya sa na manta dannawa. Ga shi na rubuta.

Ya yi mini bayani, kuma na gane, don ba wani abin wuya ba ne. Layin duka yana cikin abu ɗaya da suke kira fishiye, kamar shafi guda. Cikin injin kowane gishe yana da hannunsa mai yi masa aiki, su suna ce wa hannuwan zare, kuma suna aiki lokaci ɗaya. Hannuna ya ɗauki kwafin shafin, ya ƙara suna a ƙasa, ya mayar. Hannun Saini ma haka. To in Saini ya ɗauki kwafinsa kafin in mayar da nawa, nasa ba shi da sunan da na ƙara. Ya mayar daga baya, nasa ya hau kan nawa ya shafe shi. Wanda ya ajiye a ƙarshe shi ke da gaskiya.

Ya cire tabarau yana goge shi ya ce, “Abin da ban gane ba, wannan sai an yi rashin sa'a ƙwarai, mutum biyu su buɗe cikin daƙiƙa guda. Mun gwada a nan bai taɓa faruwa ba. Ku kuma sau uku, biyu ƙarfe huɗu da rabi, ɗaya biyu da rabi. Me ke faruwa a garinku a waɗannan lokuta?”

Na ce, “Salla.”

Ya dube ni.

Na ce, “Azahar da la'asar. Tare muke rufe gishe, sahu ɗaya muke tsayawa, tare muke dawowa mu tarar direbobi sun taru. Tare muke buɗewa.”

“To me ya sa kullum naka ke ɓata, ba nasa ba?”

Wannan ni na ba shi amsa. Saini ba ya riga ni komai. Ko ya gama cika nasa, yatsansa na kan maɓalli, sai ya ji na danna na ce wa direba Allah ya kiyaye hanya, sannan ya danna. Girmamawa ce. Ladabin Saini ne ya riƙa share ni.

Mushe Firmin ya yi dariya. Ba ta mugunta ba, irin ta wanda ya warware wasa ƙwaƙwalwa. Ya kira wani abokin aikinsa ya zo ya gani, suna ta magana da sauri suna girgiza kai, abin ya burge su. Na bari suka gama.

Na ce, “Mushe, ba a yi wa irin wannan magani?”

Ya ce akwai, ana sa sakata. Hannu ɗaya in ya ɗauki shafin sai ya ja sakata, ɗayan ya tsaya a waje har a buɗe.

Na ce, “Wato kundi ɗaya, mai rubutu ɗaya. To ina sakatar?”

Nan dariya ta ƙare. Ya sallami abokin nasa, ya rufe ƙofa. Ya ce a da akwai ta. Amma a Gaya kuran, wato lantarki, na yawan ɗaukewa, in ya ɗauke gishe ɗaya na riƙe da sakata, sai ta zauna a kulle, ɗayan ya yi ta jiran wanda ba zai buɗe ba. Shi ne daskarewar da muke gani. Alhaji Sanda ya yi ta kiransa a waya yana cewa zai soke aikin ya ba wasu. Gyaran gaskiya, a koya wa sakatar sakin kanta in mai riƙe da ita ya mutu, aikin sati ne, shi kuma yana da wasu ayyukan a gabansa. Sai ya cire ta daga nan inda yake zaune. Na ɗan lokaci, in ji shi. Ya manta.

Na ce to madalla, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya rubuta mini abin da ya faɗa yanzu, layi biyar ya isa, ya sa hannu ya buga hatimi.

Ya ce, “Papa… Mushe Garba. Ka fahimce ni. Sindika shida ke aiki da wannan abin. In takarda ta fita da hannuna cewa mun cire sakata da sani, mun rufe ke nan. Mutum tara ke ci a nan.”

Na ce a gidana mutum goma sha ɗaya ne.

Ya ce ba zai iya rubutawa ba. Ya ce in kira Alhaji Sanda ma ba zai iya faɗa da bakinsa ba. Amma zai yi abin da ya fi takarda: a cikin satin nan zai mayar da sakatar, da gyaranta na gaskiya, kafin a ɗauki sabon ma'aikaci a buɗe gishe na biyu. Ba direban da zai ƙara rasa gurbinsa. Har godiya ya yi mini, ya ce ba don na zo ba da sabon mutumin ma haka za ta same shi.

Sai a lokacin na ga abin da na yi wa kaina. Da na zauna a gida na yi shiru, wata mai zuwa a buɗe gishe na biyu, a dawo daga la'asar, suna ya sake ɓata ba Garba a wurin, da Gaya duka ta san gaskiya. Shaidata ɗaya ke nan a duniya, kuma ni na hau ɗan benci tun daga Malanbil na kawo masa ita ya goge.

Na yi tunanin in ce ya jinkirta, ya bar abin wata ɗaya. Wallahi na yi. Sai na tuna fuskar Hamani ran da aka ce babu shi, na ga ba zan iya sayen sunana da kwana goma sha ɗaya na wani ba.

Ya buɗe aljihun tebur ya ciro ambulan ya turo gabana, wai na mota. Na miƙe, na tura masa abinsa da yatsa ɗaya, na ce:

“Mushe, mayar da sakatarka yau, kada ka kai gobe, direbobin nan ba su yi maka komai ba. Amma ka san abin da kake gyarawa. Daga ranar suna ba zai ƙara ɓata ba har abada, kuma duk wanda ya wuce ƙofar gidana zai ce, kun gani, tun da aka kori Garba layi ya zauna lafiya. Ran da ka cire ta, kuskure ka yi, na yafe. Yau da za ka mayar da ita bakinka a rufe, yau ne ka mai da ni ɓarawo, kuma idonka biyu. Mutum biyu ne a duniya suka san hannuna tsarkakakke ne, ni da kai. Ni ba mai yarda da ni. Kai kuma ka zauna cikin sanyinka ka riƙe.”